Inuwar Ƙyalle a Birnin Sakkwato: Sharhi a Kan Rumfa da Laima da Kanofi

1.0 Gabatarwa

Daga watan Maris zuwa watan Mayu, watau lokacin bazara, abu ne da aka saba a birnin Sakkwato zafi ya haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Wannan kuwa awon iskar cikin inuwa ne. Wanda ke tsaye bisa kwalta da tsakar rana, abin da jikinsa ke ɗauka ya fi haka nesa ba kusa ba. A bazarar 2024, wadda ta haɗu da watan azumi, zafi ya game yankin Sahel baki ɗaya, har aka auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali ranar 3 ga Afrilu. A ƙasa irin wannan, inuwa tana cikin bukatun yau da kullum, sahunta ɗaya da ruwan sha, domin rashinta yana kwantar da tsoho da yaro da mai azumi.

A 'yan shekarun nan wani nau'in inuwa ya mamaye wuraren taruwar jama'a a birnin, watau inuwar ƙyalle da tamfol da leda wadda ake ɗorawa bisa ƙarafa. Ana ganinta a ƙofar gidan ɗaurin aure da na zaman makoki, da harabar masallatai lokacin tafsiri, da filayen taro irin su Filin Shehu Kangiwa, da bakin kasuwanni da tashoshin mota. Ido ya saba da ita har ba a tsayawa a tambayi ko tana yin aikin da aka kafa ta dominsa. Manufar wannan maƙala ita ce a yi sharhi a kan wannan inuwa, a auna ta da ma'aunin da Bahaushe ya daɗe yana auna inuwa da shi. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ƙyalle ya dace da Sakkwato ƙwarai, amma yadda ake kafa shi a yau ya mayar da shi inuwar ranar biki da ta manyan baƙi, alhali kuwa ranar da ke dukan jama'a ta kullum ce.

2.0 Kalmomin da Suka Shafi Inuwa

Harshe yakan adana tarihin kayan da masu shi suka yi amfani da su, saboda haka ya kyautu a fara da kalmomi. Bahaushe shan inuwa yake yi, kamar yadda yake shan ruwa, kuma da wannan fi'ilin ne yake shan rana. Idan mutum biyu suka yi hannun riga, sai a ce ba sa shan inuwa ɗaya. Wannan magana ta nuna cewa a tunanin masu harshen, inuwa wuri ne na tarayya, wanda sai gaba ta yi tsanani ake rabuwa a kansa.

Mafi tsufa cikin sunayen inuwar da hannu ya yi ita ce rumfa, wadda Basakkwace kan furta runhwa. Rumfa ta asali dirkoki ne huɗu ko shida a kafe, a gitta itace bisansu, a shimfiɗa kara ko zana a sama. Ba ta da bango, ba ta da ƙyaure. Ita ce ta mahauci da maƙeri da ɗan koli a kasuwa, ita ce kuma ta ƙofar gida inda ake ɗora harawa da tarkacen da ba su da ma'aji, abin da ya sa ake yi mata kirari da sha shirgi.

Laima kuwa baƙuwa ce daga Larabci. Asalinta kalmar da Larabawa ke kiran tanti da ita ce, ta shigo da harafin ma'arifa manne a goshinta, kamar yadda aka samu labari da lahira da liman. A bakin Bahaushe ma'anarta ta tsuke, ta koma abin da ake riƙewa bisa kan mutum guda, musamman sarki ranar hawa. Kalmar ta sake shigowa karo na biyu da siffar hema, wannan karon da ma'anarta ta asali, ita ce alhazai ke kiran tantunan Mina da Arfa da ita. Tanti da tamfol da kanofi duk daga Ingilishi suke. Na farko ya zo da soja, na biyu ya zo da manyan motocin kaya da rufin buhunan gyaɗa, na ukun shi ne auta, ya zo da masu ba da hayar kayan biki.

Idan aka duba tsofaffin kalmomin nan biyu, za a ga kowace tana ɗauke da tsari nata. Rumfa tana nan inda aka kafa ta, mutum ne ke zuwa wurinta, kuma ba ta tambayar sunan wanda ya shigo. Laima tana da mai ita, shi take bi, inda ya tsaya nan take tsayawa. Kanofi ya ɗauko siffar rumfa, tun da ƙafafu huɗu ne da rufi. Abin tambaya shi ne halin wa ya ɗauko.

3.0 Ma'aunin Inuwa

Inuwar da ake auna sauran da ita a ƙasar Hausa ita ce ta itace. Ruwaya ta zo cewa a gindin wani faru ne jama'a ta yi wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mubaya'a a Gudu cikin 1804, shekara biyar kafin Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809. Durumi da ceɗiya da tsamiya su ne majalisar dattawa da makarantar yara da masaukin fatake a garuruwa da yawa. Dogonyaro, wanda aka shigo da shi Nijeriya ta lardin Borno a 1928, daga baya ya zama itacen bakin titi a biranen Arewa, har da Sakkwato.

Amma Bahaushe bai ɗauki kowace inuwar itace daidai da 'yar'uwarta ba. Ya ce inuwar bagaruwa ga sanyi ga ƙaya, watau akwai inuwar da zama cikinta ke da wahala. Ya kuma ce inuwar giginya na nesa ka sha, watau akwai wadda ba ta sauka inda ake tsammaninta. Wannan karin magana na biyu ya fi kusa da Sakkwato, domin kalmar ka da ke cikinsa ta karin harshen yamma ce, kuma sunan Giginya shi ne na filin da aka gwabza da Turawa ranar 15 ga Maris, 1903. Daga irin waɗannan maganganu ana iya fitar da tambayoyi huɗu da za a yi wa kowace inuwa: a wane lokaci take nan, tana da sanyi, tana da ƙarko, kuma wa ke shan ta. Da su za a auna kanofi.

4.0 Kanofi Bisa Ma'auni

4.1 Lokaci

Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai bisa kan mutum da tsakar rana, wajen ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta. A tsakiyar bazara ke nan, daga hantsi ya ɗaga zuwa azahar, duk abin da aka shimfiɗa a sama inuwarsa tana faɗowa kusan daidai ƙarƙashinsa. A wannan lokaci kanofi yana yin aikinsa ba laifi.

Matsala tana farawa idan rana ta karkata. Duk almajirin da ya karanta babin lokutan salla ya san cewa a mazhabar Malikiyya lokacin la'asar yana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an cire inuwar zawali. Wannan ƙa'ida ta fiƙihu ta isa a auna kanofi da ita ba tare da wata na'ura ba. A ɗauka ga kanofi mai faɗin mita 6 da tsayin mita 3, an kafa shi a ƙarshen Afrilu, lokacin da inuwar zawali kusan babu ita. Da shigar la'asar, inuwarsa ta gusa gabas da mita 3, rabin waɗanda ke zaune ƙarƙashinsa ta ɓangaren yamma sun koma rana. Bayan kamar sa'a ɗaya da kwata, inuwar abu ta ninka tsawonsa, ta kanofin ta gusa da mita 6, ta fice daga ƙarƙashinsa gaba ɗaya. Wanda ya biya kuɗin haya yana cikin rana, mai tallar gyaɗa da ke tsugune can gabas da taron shi ke shan inuwar. Kanofi ya zama giginya.

Masu rumfar kara sun san wannan tun da can. Shi ya sa suke jingina zana ko su rataya asabari ta gabas da safe, su mayar da shi yamma da la'asar. Mai kanofi ya ɗauko rufin ya bar labulen, ga shi kuwa zafin la'asar a Sakkwato bai gaza na azahar ba, domin a lokacin ne ƙasa da bango ke amayar da abin da suka sha tun safe.

4.2 Sanyi

Inuwa ba ta rage zafin iska sai kaɗan. Aikinta shi ne tare hasken rana, wanda da tsakar rana mai garau yake sauke kimanin wat 1,000 bisa kowane murabba'in mita. Tambayar ita ce ina wannan zafi yake tafiya bayan an tare shi. Itace yana kashe wani kaso nasa wajen fitar da ruwa ta ganye, ga shi kuma ganyen hawa-hawa ne, na sama ya sha rana, na ƙasa ya zauna da sanyinsa. Rufin kara da na zana suna da kauri, kuma suna da ƙofofi ƙanana da iska mai zafi ke fita ta cikinsu.

Tamfol da leda ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Falle ɗaya ne siriri, idan samansa ya ɗauki zafi ƙasansa ma ya ɗauka, sai ya riƙa huro shi bisa kawunan mutane. Idan launinsa mai duhu ne, kamar shuɗin tamfol da ake yawan gani a kasuwanni, abin ya fi muni, domin duhu yana shan haske, fari ne ke mayar da shi. Idan kuma an kafa shi ƙasa-ƙasa, ba kafar fitar iska ta sama, to hucin mutane da na rufin duk sun taru wuri ɗaya. Daɗin daɗawa, galibi ana kafa kanofi ne bisa kwalta ko daɓen siminti da ya riga ya gasu, kuma kwaltar da ke kewaye da shi tana ci gaba da turo zafi ta gefe. Wannan ne ya sa akan ga dattawa a wurin ɗaurin aure sun bar kujerun da aka jera musu sun koma gindin dogonyaron maƙwabta. Hukunci ne suka yanke da ƙafafunsu, kuma hukuncin daidai ne.

4.3 Ƙarko

Abokan gabar ƙyalle a Sakkwato huɗu ne. Na farko rana ce ita kanta, domin akwai wani sashe na haskenta da ido ba ya gani wanda ke cin zaren leda har ya rududduge. Na biyu ƙurar hunturu, wadda ke mayar da farin rufi ja, ta rage masa ƙarfin mayar da haske. Na uku iskar farkon damina da ke tasowa daga gabas gaban hadari cikin Mayu da Yuni. Ƙarfin da iska ke dukan abu da shi yana ninkawa huɗu idan gudunta ya ninka biyu, saboda haka kanofin da ƙafafunsa ke ajiye bisa ƙasa ba turke ba igiya yana iya tashi da ƙarafansa ya faɗa kan jama'a. Na huɗu ruwa, wanda ke taruwa inda rufi ya yi sako-sako, kowace lita kuwa kilo guda ce.

Masana ginin ƙyalle, tun daga aikin Bajamushen nan Frei Otto a baje kolin Mantiriyal na 1967, sun nuna cewa ƙyalle ba ya tsayawa sai an ja shi ya ɗame, kuma an ba shi lanƙwasa biyu masu saɓawa, irin ta sirdin doki, wanda ya ɗaga gaba da baya ya sauka ta gefe biyu. Ƙyallen da ke da wannan siffa ba ya kaɗawa, ruwa kuma ba ya kwanciya a kansa. Kanofin haya lulluɓa shi ake yi bisa ƙarfe kamar mayafi, shi ya sa yake yagewa daga kusurwa.

A nan dole a yi wa kanofi adalci. Rumfar kara ma tana da nata aibu: gara tana cin dirkokinta, kara ya zama abin nema don dabbobi da girki, kuma wuta ba ta yi mata da sauƙi. Gobarar da ta cinye babban sashe na Babbar Kasuwar Sakkwato a watan Janairu na 2021 ta isa tunatarwa cewa duk abin da za a rufe kasuwa da shi sai an yi tunanin wuta tukuna. Kanofi yana kafuwa cikin ɗan lokaci, yana tare yayyafi, kuma masu walda da teloli da samarin da ke ɗaukarsa suna cin abinci da shi. Sai dai leda ita ma tana ci da wuta, har ta narke ta ɗiga.

4.4 Masu Sha

Wannan shi ne ma'auni mafi nauyi. Kanofi na haya ne, kwana ake ƙirga masa. Yana zuwa da safe a bayan mota, yana tafiya da an watse. Titin da aka toshe dominsa jiya, yau ba inuwa ko ta tsayawar akuya. Inuwa ta zama abin da ake gayyatar mutum zuwa gare shi.

A cikin taron ma ba kowa ke samu ba. Zaman tabarma a zaure ko a gindin itace yana da nasa tsarin girma, amma inuwar ɗaya ce, kuma akan matsa wa wanda ya zo. Kanofi ya zo da kujerun roba jere sahu-sahu, kowace rumfa da mutanenta, ta manyan baƙi daban da labulenta da kafet, ta sauran jama'a daban, waɗanda suka rasa kujera kuma suna tsaye a rana. A filayen taro ranar bikin gwamnati haka abin yake: masu jawabi suna cikin inuwa, 'yan makarantar da suka zo maci suna tsakiyar fili. A nan ne amsar tambayar da aka yi a baya ta fito. Kanofi siffar rumfa gare shi, amma halinsa na laima ne.

Abin lura kuma shi ne ita laimar ta bi hanyar da ta saɓa wa wannan. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, manyan laimomi masu tambarin kamfanoni suka bazu a bakin tituna, masu sayar da kati suka fara zama ƙarƙashinsu, daga baya masu sana'ar cire kuɗi da masu 'ya'yan itace suka bi. Laima ta sauko daga kan sarki zuwa kan mai neman na cefane. Amma inuwarta ta mutum ɗaya ce da tebur ɗinsa. Wanda ke jiran mota a tasha, da mai jinya da ke zaune wajen ƙofar asibiti, da matar da ke layin awo, da sahun Juma'a da ya malalo daga Masallacin Shehu ko Masallacin Bello zuwa kan titi, waɗannan su ne mafi yawa, su ne kuma ba wanda ya kafa wa inuwa.

5.0 Darasin Hijaz

Duk wanda ya sauke farali daga Sakkwato ya ga abin da ƙyalle ke iya yi idan an ba shi haƙƙinsa. Tashar alhazai ta filin jirgin saman Jidda, wadda aka buɗe a 1981, rufinta hemomi 210 ne na zaren gilashi da aka shafe da Teflon, kowace faɗinta kimanin mita 45. An ɗaga su sama ƙwarai, an bar gefe a buɗe, kuma kowace tana da kafa a ƙololuwarta inda iska mai zafi ke fita. A Mina, bayan gobarar 1997 wadda ta ci rayuka fiye da 300, an maye gurbin hemomin auduga da na irin wannan zare da ba ya kama wuta. A Madina kuwa, a harabar Masallacin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, akwai laimomi 250 da aka kammala a 2010 bisa zanen kamfanin Mahmoud Bodo Rasch, wanda ya yi aiki da Frei Otto. Suna rufe murabba'in mita 143,000, na'ura ce ke buɗe su da safe, ta naɗe su da dare.

Ba abin mamaki ba ne alhaji ya dawo yana fatan ganin irinsu a Fakon Idi ko a Kanwuri. Amma laimar Madina inji ce, tana bukatar wutar lantarki da ba ta yankewa, da ma'aikata masu kula da ita kullum, da kayan gyara daga ƙasashen waje. Idan aka kafa irinta inda ba a tanadi waɗannan ba, ranar da ta ƙi buɗewa ta zama turken ƙarfe, ranar da ta ƙi naɗewa gaban hadari ta zama haɗari. Abin ɗauka daga Hijaz ƙa'idoji ne, kuma ba su da tsada: rufi ya zama fari, ya yi sama, ya ɗame, ya sami mafitar iska, kada ya kama wuta, kuma a iya kawar da shi idan bukatarsa ta wuce. Naɗe laimomin Madina da dare yana da dalili, domin daɓen da aka bari yana kallon sama ya fi saurin hucewa. Sama da duk wannan, an kafa su ne domin duk wanda ya shigo harabar, ba a keɓe sahun gaba ba.

6.0 Ƙyallen Bazara

Akwai misalai da suka fi kusa da ƙarfin Sakkwato. A birnin Ishbiliya na ƙasar Sifen, wanda malamai suka sani daga tarihin Andalus, hukumar gari tana shimfiɗa fararen ƙyallaye tsakanin benaye bisa titunan kasuwa idan zafi ya shigo, ta sauke su idan ya wuce. A Alƙahira akwai titin maɗinka hema kusa da ƙofar Zuwaila, inda har yanzu ake ɗinka ƙyallen auduga mai ado da ake kafawa don biki da makoki da watan azumi. Buzaye da ke shigowa Sakkwato daga arewa sun daɗe suna yin tanti da fatun awaki. Birnin da ya shahara da jima da dukanci da rini bai rasa hannun da zai ɗinka wa kansa inuwa ba.

Tsarin da ya dace yana nan a jikin gawo. Shi wannan itace yana zubar da ganye da damina, ya fitar da shi da rani, saboda haka inuwarsa tana nan daidai lokacin da ake nemanta. Haka ya kamata ƙyallen birni ya kasance. A kafa dirkoki na dindindin masu tushe a ƙasa, a ɗaura ƙyallen idan ƙurar hunturu ta lafa, a sauke shi kafin iskar farkon damina, a wanke a adana. Ta haka an kauce wa biyu daga cikin abokan gabarsa, an kuma tsawaita kwanansa. A harabar masallatan Juma'a rufin sama kaɗai ya wadatar, tun da sallar tana zuwa ne rana na tsaka. A tasha da kasuwa da ƙofar asibiti, inda ake wuni, sai an haɗa da labule ta yamma, kuma zana da asabari sun fi leda dacewa da wannan aiki, domin iska tana ratsa su.

Sharaɗi biyu ne za su hana wannan ya zama wani aikin da za a buɗe da biki a manta. Na farko, kowace rumfa ta kasance da mai kula da ita sananne, ko shugabannin kasuwa, ko kwamitin masallaci, ko ƙungiyar direbobi. Jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, kuma ba abin da zai hana mai hali ya yi waƙafin inuwa kamar yadda ake yin na rijiya, tare da abin da za a riƙa sabunta ƙyallen da shi. Na biyu, ranar da aka kafa dirka a dasa itace kusa da ita. Ƙyalle yana ba da inuwa ranar da aka ɗaura shi, daga nan sai tsufa. Itace yana ɗaukar shekaru kafin ya ba da tasa, amma kullum ƙaruwa take yi. Aikin ƙyalle shi ne ya riƙe wurin har itacen ya girma.

7.0 Kammalawa

An ga cewa kanofin da ya mamaye birnin Sakkwato yana yin aiki daga hantsi zuwa azahar, yana gazawa da la'asar, sanyinsa bai kai na rumfar kara ba, kuma ba a yi shi don ya jure iskar damina ba. An ga kuma cewa babban aibunsa yana ga tsarin da ya zo da shi, wanda ya mayar da inuwa abin haya da abin keɓewa. Laifin ba na ƙyalle ba ne, domin Jidda da Madina da Ishbiliya sun nuna abin da yake iyawa. Masu tsara birni da masu nazarin al'ada suna da hanya mai sauƙi ta jarraba duk rumfar da aka kafa da sunan jama'a. Su je wurin a ranar da ba biki, cikin watan Afrilu, bayan an kira la'asar, su duba inda inuwar ta faɗa, su ƙirga waɗanda ke zaune cikinta.